Ranar da Kaka Ta Ajiye Cokali

A wurin Kaka, babu ciwon da abinci ba ya kora. Shi ya sa ko da likitoci suka sallamo jikanta Ɗan Lele gida, suka ce abin da ya rage sai rage masa zafi, ita dai cokali bai bar hannunta ba. Yaro ɗan shekara bakwai, ya rame kamar tsinke, haɗiya ta zame masa azaba. Da ya ji ƙarar silifas ɗinta sai ya juya fuska bango.

Abin nan ya ci wa Kaka rai ba kaɗan ba. Yaron da kullum yake tsokanarta da giɓin haƙoranta, yau kwana biyar ko kallonta bai yi ba. Tsoronta ɗaya, kada ya tafi yana fushi da ita.

Wata safiya nas mai zuwa duba shi ta tarar da ita a bakin gado, riƙe da kwano.

"Kaka, don Allah ki ajiye kwanon nan."

"Ke 'yar nan, ki kiyaye ni! Yunwa kuke so ta ƙarasa shi?"

"Ba yunwa yake ji ba, jikin ne ya daina karɓa. Bushewar baki ke damunsa. Me ya fi so a duniya?"

Kaka ta harare ta. "Shayina. Ɓarawon shayi ne na gaske."

Nas ta sa ta dafo, aka bari ya huce. Ta naɗa auduga a ɗan tsinke, ta miƙa mata. "Tsoma ki shafa masa a leɓe. Shi ke nan."

Shi ke nan? Kaka ta taɓe baki, amma ta yi. Yaron ya lasa. Ya sake lasa. Can sai ya juyo a hankali, ya buɗe ido ɗaya.

"Kaka, kin yi rowar sukari."

Wayyo, Kaka! Dariya da kuka suka haɗe mata, har sai da ta zauna a ƙasa.

Kwana tara ta yi tana wannan hidima, kuma bai sake ba ta baya ba. A rana ta goma ya rasu, da hantsi, kansa a cinyarta.

Da nas ta zo gaisuwa, Kaka ta kama hannayenta biyu ta ƙi saki.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ba don ke ba, da ƙeyarsa kaɗai zan riƙa tunawa."