Allon Minti Ɗari da Tamanin

Ranar da aka manna taswirar rumfar baje kolin Tsubakuro, kamfanin wasannin bidiyo, a bangon ofis, Horiuchi Masaru ya fi minti biyar yana neman sunan wasansa bai gani ba. Sai da Sawada, wadda ta shekara goma sha ɗaya tana haɗa masa manhajar wasanni, ta miƙo biro ta nuna masa wani ɗan lungu a can ƙarshen takardar.

"Ga mu nan, Horiuchi-san. Dab da ƙofar fita. In gobara ta tashi mu za mu fara tsira."

Bai yi dariya ba. Na'ura shida aka ba su, shida kacal, domin wasan da ya ci masa shekara biyar da rabin gashin kansa. Mai Fito sunan wasan: tsoho ne da kwalekwale yana tsallakar da mutane kogi, kowane fasinja da labarinsa. A gaban rumfar kuwa, inda duk wanda ya shigo zauren baje kolin zai fara sauke ido, an zana ƙaton fili mai na'ura arba'in da allo mai tsayin bene, aka rubuta Takobin Tsawa, wasan Nagase Rie.

Nagase ɗin nan shi ya karɓe ta ranar da ta fara aiki, tana sanye da baƙar kwat da ta yi mata yawa. Shi ya koya mata miƙa katin suna da hannu biyu. Shi ya koya mata cewa a ɗakin taro babba ne ke zama can ciki, ƙarami kuwa kujerar bakin ƙofa ce tasa, don ya riƙa tashi yana karɓo shayi. Yau ga shi, yana da shekara hamsin da uku, shi aka ajiye a bakin ƙofa. Ƙyashi ya cika masa ciki. Kuma abin da ya fi ƙona shi, har gobe in ta haɗu da shi a baranda sai ta tsaya ta sunkuya ta ce, "Barka da aiki, senpai," wato yadda ake kiran wanda ya girme ka a aiki. Da ma ta yi masa girman kai, da ya samu abin kamawa.

Mizutani, manajan talla, ya kira shi ofis bai tsaya kwana-kwana ba.

"Horiuchi-san, na sama sun yanke magana. Duk wanda ya gwada wasa a baje kolin za a ba shi kati ya rubuta ra'ayinsa. In Mai Fito ya tara kati ɗari uku a kwana biyun da za a buɗe wa jama'a, zai fito a sabuwar na'urarmu. In bai kai ba, a ajiye shi, a raba mutanenka cikin sauran ayyuka."

"Ita ma Nagase ɗari uku aka ce mata?"

Mizutani ya dube shi ta saman tabarau. "Nata an riga an buga kwalayensa."

Lissafin bai da wuya. Sun sa wa wasan makullin da ke tsayar da shi bayan minti goma domin gwaji, na'ura shida, awa bakwai a yini. Ko da wasu sun tafi ba su cika kati ba, ɗari uku ba za ta gagara ba. Sawada ta buga a wayarta ta nuna masa, ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan taswira.

Ranar Asabar aka buɗe ƙofa da ƙarfe goma, mutane suka kwararo kamar an ɓalle dam, ba mai gudu domin an hana, amma kowa na tafiyar da ta fi gudu sauri. A irin wannan baje koli kowane layi yana da mai tsayawa a ƙarshensa riƙe da allo a kan sanda, an rubuta tsawon lokacin da mutum zai jira. Wannan allon shi 'yan jarida ke ɗauka a hoto, shi ake yaɗawa a waya, shi ake maimaitawa a liyafar kamfani har shekara ta zagayo. Kafin sha ɗaya allon Nagase ya kai minti ɗari da hamsin. Na Horiuchi yana minti ashirin, wani lokaci sha biyar.

Gaskiya dai layinsa bai taɓa yankewa ba. Mutane na zuwa, suna zama, suna tuƙa kwalekwale, suna tashi da ɗan murmushi, suna cika kati. Da yawansu riƙe suke da wata 'yar shuɗiyar takarda da aka ba su a wurin Nagase. Horiuchi ya ga takardun ya kawar da kai. Wato har tsarabarta sai an shigo masa da ita rumfa? Bai ko tambayi abin da ke jiki ba.

Da yamma Sawada ta ƙirga katuna ta tafa hannu. "Ɗari da saba'in! Gobe ɗari da talatin kawai muke nema, ko da ƙafa muke danna na'urar sai mun samu. Kai, saki fuskar mana, sai ka ce wanda aka ci wa gado."

Ya ce ya ji. A jirgin ƙasa kuwa, a tsaye yana riƙe da madauri, ya buɗe waya. Hoton allon Nagase ne ko'ina. Ɗari da hamsin, ɗari da hamsin, ɗari da hamsin. Wani ɗan jarida ya jera allunan rumfar Tsubakuro duka a hoto ɗaya, nasa ne na ƙarshe, an rubuta a ƙasa: "In ka gaji da jira, ga inda ba layi." Ya karanta wannan jimla har sau bakwai kafin ya isa tasharsu, kuma kowane karatu sai ya ji kamar Nagase ce ta rubuta da hannunta.

Lahadi da safe, kafin a buɗe ƙofa, ya ja Sawada gefe.

"Ki cire makullin minti goma ɗin. A bar kowa ya yi babin farko gaba ɗaya."

"Babin farko minti arba'in ne."

"Na sani, ai ni na rubuta shi. Minti goma ba ya nuna komai, mutum ko tsakiyar kogi bai kai ba."

Sawada ta ajiye curin shinkafar da take ci. "Horiuchi-san, dube ni. Kogi ne damuwarka ko allo?"

"Awa ɗaya kawai. Da 'yan jarida sun gama zagayensu na safe sai mu mayar."

"Ni dai na faɗa. Wannan ba dabara ba ce, ciwon ido ne."

"Sawada-san, ni ne shugaban aikin nan ko ke?"

Ta sunkuya sunkuyon da ya fi zagi zafi, ta je ta cire makullin. Shi kuma ya ɗauki alƙalami mai kauri ya rubuta sanarwa da hannunsa, ya manna a bakin rumfa: yau kowane baƙo zai yi minti arba'in cikakku. Da aka buɗe ƙofa ya tsaya gaban mutanen farko ya faɗa da bakinsa, ya sunkuya har ƙasa, suka tafa masa.

Abin ya yi aiki fiye da yadda ya zata. Waɗanda suka zauna ba su tashi ba, waɗanda suka zo suka tsaya. Mai riƙe da allo ya goge ya rubuta sittin. Ya goge ya rubuta ɗari. Layin ya cika ɗan filin da aka ba su, ya lanƙwasa, ya fara leƙawa hanyar wucewa. Sha ɗaya saura kwata aka rubuta ɗari da tamanin, ga kuma ɗan jaridar nan na jiya ya ɗaga kyamara. Horiuchi ya leƙa can gaba, allon Nagase na nan a ɗari da hamsin. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka haifi 'yarsa. Abin kunya ne, amma haka ya ji.

Daɗin bai kai minti goma ba. Wasu mutum biyu masu kula da zaure, da jan ƙyalle ɗaure a dantse, suka iso suka sunkuya da ladabi. Babbansu ya ce layin ya toshe ƙofar fita, kuma ƙa'idar da kowane kamfani ya sa wa hannu ta ce layin da ya toshe hanya ana rufe shi har ƙarshen yini. Ya ba da haƙuri sau uku, ya ja igiya a bayan mutum na ƙarshe, ya kafa sabon allo: an rufe karɓar baƙi na yau.

Horiuchi ya bi su yana roƙo. "Yanzu za mu mayar da shi minti goma, layin zai narke cikin rabin awa, don girman iyayenku ku ɗaga igiyar."

"Ayya, in an rufe an rufe," in ji mutumin, ya sake sunkuyawa.

Ko mayarwar ma ba ta yiwu ba. Mutanen da ke cikin igiya sun karanta sanarwa, sun ji daga bakinsa, sun ga ya sunkuya. A ƙasar nan ba a yi wa baƙo alkawarin arba'in a ba shi goma, ko da kamfanin zai rushe. Haka Horiuchi ya tsaya yana kallo, shida-shida suna tuƙa kwalekwale a natse, ba mai gaggawa. Wata mata har da share hawaye a ƙarshen babin, ta cika katinta gaba da baya. Kati ɗaya ne dai.

Ƙarfe uku saura kwata na ƙarshe ya tashi. Na'ura shida suka zauna babu kowa, tsohon mai fito yana kan allo yana jiran fasinja. Ta ƙofar fitar filin Nagase kuwa mutane na ta bulbulowa, arba'in-arba'in, kuma hanya ɗaya ce gare su, ta gaban rumfarsa. Sai yanzu ya lura. Kowa zai fito da shuɗiyar takarda a hannu, ya nufo kai tsaye, ya karanta allon rufewa, ya ɗan yi jim, ya wuce.

Wani dattijo mai jakar goyo ya matso ya miƙo masa takardar da hannu biyu. "Gafara dai, wannan ba ta da amfani ke nan yau?"

Horiuchi ya karɓa ya duba. Hoton kwalekwale ne a sama. A ƙasa an rubuta: "Mun gode da ka gwada Takobin Tsawa. Taku goma daga nan akwai Mai Fito, wasan wanda ya koya mini wannan sana'a. Minti goma ne kawai, kuma ba dogon layi. Nagase Rie."

Ya karanta, ya mayar wa dattijon, ya sunkuya ya ba shi haƙuri.

Da aka tashi, Mizutani ya zo da kansa ya ƙirga katunan a kan tebur, a gaban kowa. Arba'in da ɗaya na yau. Ɗari biyu da goma sha ɗaya gaba ɗaya. Ya haɗa su ya ɗaure da roba, ya tsaya kamar zai tafi, sai ya juyo.

"Ka san ni a tsakiya na so in sa ka, kusa da masu wasan tsere. Nagase ce ta yi sati biyu tana bin ofis-ofis, ta ce a sa ka a bakin ƙofarta, duk wanda ya fito daga wajenta ya faɗo hannunka. Ta roƙe ni kada in gaya maka, wai za ka ji nauyi." Ya gyara tabarau. "Litinin da safe ka zo mu zauna a kan mutanenka."

Sawada tana naɗe wayoyin lantarki, ba ta ɗago ba. "An samu hoto dai," ta ce. "Ɗari da tamanin. Sai a sa a firam."

Ana cikin kwance rumfa sai ga Nagase, gashinta a hargitse, muryarta ta dishe, rungume da kwali. Ta tsaya ta sunkuya kamar kullum.

"Barka da aiki, senpai. Na ji abin da ya faru da layin, ban ji daɗi ba." Ta ɗan ɗaga kwalin. "Waɗannan ne suka rage, da na ga an rufe na ce a daina rabawa. Ban san ko in zubar ba, hoton kwalekwalenka ne a jiki."

Ya dube ta yana neman ko ɗigon dariya a idonta, ko ɗan alamar "ka gani ko". Babu. Da gaske take jin zafin abin. Ya so ya ce ya gode, ya so ya ce ta yafe masa, kuma a daidai wannan lokacin, duk da kunyar da ta rufe shi, ya ji tsohon ƙyashin ya motsa a wurin da ya saba. Ta fi shi na'ura, ta fi shi allo, yanzu kuma ta fi shi hali, wannan kuwa ba makullin da zai cire ya kamo ta.

"Kawo," ya ce. "Ni zan tafi da su."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, yadda ya koya mata. Kwalin ya fi yadda ya zata nauyi, kuma bai samu wurin zama a jirgi ba, a tsaye ya rungume shi har gida.