Duwatsun da Masereka Ya Sauko da Su

Wuƙa ta yanke ni a yatsa, ban ji ba sai da jini ya ɗiga kan ayabar da nake ferewa. Idona na kan hanyar da ta gangaro daga dutse. Mijina Masereka ya ce kwana shida zai yi. Yau tara.

"Kabugho, za ki cinye hanyar nan da ido," in ji Biira, yayar mijina. "Ko kina tsoron ƙanƙarar saman dutsen ta aure miki shi?"

Ban yi dariya ba. Baƙin da suka ɗauke shi dako sun ce tsirrai suke bincike. Amma na ga kayansu: guduma, ƙarafan fasa dutse, ƙananan buhuna masu lamba. A gandun dajin gwamnati da ko itacen girki muka tsinta sai masu gadi sun ƙwace mana adda!

Na gaya masa tun kafin su hau. Ya ce, "Maman Mbambu, bayana suka ɗauka haya, ba idona ba."

*

Da la'asar abokin dakonsa Muhindo ya shigo, laka har gwiwa. Ya ƙi zama.

"An kama Masereka a ƙofar gandu. Duwatsu ne a buhunsa, masu kore-kore."

"Masu kayan fa?" na ce.

"Sun riga mu sauka. Babban mai gadi da kansa ya buɗe musu mota."

Na nufi ƙofa. Biira ta riƙe ni.

A kotu aka ce babu wasu baƙi a takardar shiga sai masu tsirrai, su kuma ba su san shi ba. Aka yanke masa shekara biyu, saboda satar ma'adinai a wurin da doka ta kare.

*

Wata na biyar na kai masa tuwon rogo da wake a gidan yari. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"An faɗa a rediyo," na ce. "Wai an auna duwatsun, akwai tagulla mai yawa. Za a matsar da iyakar gandu don a haƙa, har kan rafin da muke sha."

Na zaci zai yi zagi. Sai ya matso kusa da wayar da ta raba mu, ya rage murya kada gandiroba ya ji.

"In sun fara haƙa za su nemi 'yan dako. Ki ce wa Muhindo ya sa sunana."

Ya miƙo hannu ya karɓi tuwon. A kafaɗarsa, shatin igiyar buhu bai gama gogewa ba.