Keken Da Mannir Ya Zaɓa

Mun kama keken mu biyu, ni da Mannir, muka karkata shi, muka juya shi ta baya, amma ya ƙi shiga ƙofar zauren. Ɗangiwa yana zaune a tabarma daga ciki yana kallonmu, dungun ƙafarsa ta hagu naɗe da bandeji.

"Namadi, ku bar shi nan waje," ya ce mini. "Ƙofar ga ta girme shi."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Ɗangiwa a Kebbe. Dillalin awaki ne, mutumin da bai taɓa iya wuni a gida ba, sai da ciwon suga ya ci ƙafarsa aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Da farko an ba shi sandunan hammata, amma ɗaya ƙafar ma ba ta jin ƙasa sosai, ya sha faɗuwa. Shi ne babban ɗansa Mannir, mai koyarwa a Tambuwal, ya ɗauro wannan keke a bayan babur. Irin na asibiti ne, mai sheƙi, wanda sai an tura mutum.

"Allah shi yi ma albarka," in ji Ɗangiwa. "Amma ba shi nika so ba. Akwai mai walda Dogon Daji, shina yin mai ƙafa uku, wanda mutum ka tuƙawa da hannu. Tayoyinai na cin rairayi."

Mannir ya sunkuyar da kai. "Baba, irin wanga mabarata ka hawa. Ina da rai a gan ka cikinai bakin kasuwa? Mutane su ce mi?"

"Su ce ga Ɗangiwa ya fito."

Mannir ya juya ya fita. Da yamma ya kira magini aka faɗaɗa ƙofar.

Keken ya shiga gida, amma bai iya layinmu ba. Da an fito da shi sai ƙananan tayoyin gaba su nutse a rairayi, sai maza biyu sun ɗaga. Matarsa Tambaya tana fama da ciwon baya, damina kuma ta kwashe kowa zuwa gona. Nakan nemi wani mu tura Ɗangiwa masallaci ranar Juma'a. Sauran ranakun yana ƙofar gida, yana tambayar masu wucewa ko akwai mai kai shi kasuwa. Sukan gaishe shi da kyau, su ce sai sun dawo. Masu awakin da suka saba da shi suka koma wa wani dillali.

Daga baya ya daina tambaya. Wata ranar Talata da la'asar na fito na gan shi a ƙasa, yana dafa hannu yana jan jiki zuwa masallaci, rigarsa duk taɓo. Na ruga zan ɗaga shi.

"Bar ni, Namadi. Yau dai ni nat tashi, ni nika tafiya."

Haka ya riƙa yi kullum. Dungun ya buɗe a cikin caɓin damina, shi kuwa bai ji zafi ba. Tambaya ce ta fara jin warin. Kafin a kai shi asibiti zazzaɓi ya kama shi, likita ya ce sai an ƙara yankewa sama da gwiwa. Ɗangiwa ya ce a mai da shi gida.

Ina ɗakin lokacin da Mannir ya durƙusa gefen shimfiɗarsa, idanunsa jajir.

"Baba, na je Dogon Daji. Mai waldan ya ce mako mai zuwa."

Ɗangiwa ya ɗaga hannuwansa kaɗan, babu sauran ƙarfi a cikinsu, ya dube su, ya mayar.

"Ka ce shi ba wani. Akwai mai buƙata."

Ya cika ranar kasuwa bayan azahar, ana kora awaki ta bayan katanga. Mun kai shi kafin magariba. Mannir bai iya shiga kabarin ba, ni da ƙanen mamacin muka karɓe shi.

Bayan sadakar uku Tambaya ta kira ni tsakar gida, tana rabon tufafinsa. Riguna da huluna duk sun samu masu ɗauka. Sai takalman fata da aka saya masa da ƙaramar salla, na dama ya goge a dunduniya, na hagu ko ƙura bai taɓa gani ba.

"Malam Namadi, waɗanga fa, wa za a ba?"

Ta jera su a gindin randa, ta koma ɗaki.