Kukan Akuyar Yaya

Auta ta buga tafin hannunta a teburin taro har kofin shayin Oga ya yi tsalle.

"Ba za a cire shi ba," ta ce. "In dai ina numfashi a ofis ɗin nan."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai, kowa ya ƙura wa kwamfutarsa ido kamar a ciki aka rubuta amsar. Ƙarfe huɗu na yamma za a saki sabon salon wasan akuya na waya, na cikar kamfanin shekara goma. An sake zane, an sake kiɗa, an je har gona an ɗauko kukan akuya ta gaske. Abin da ya rage shi ne a goge tsohon kukan, wanda ke fita duk lokacin da akuyar ta faɗa rami.

"Ki saurara, Auta," in ji Oga. "Masu kai mana wasan ƙasashen waje sun ce sautin ya tsufa. Ga tari a ƙarshensa. Ina kika taɓa jin akuya mai tari?"

"Da tarin nata ta ɗora ka a kujerar nan. Da tsohuwar zuma ake magani."

Duk ofishin babu mai yi wa Oga irin wannan magana sai ita, don ta san shi tun ana ce masa Dogo. Su uku suka fara kamfanin a wani ɗaki bayan shagon gyaran waya: yayanta mai rubuta wasan, Dogo mai bin mutane da roƙon su gwada, sai ita mai zane. Kwamfuta ɗaya gare su, ita ma sai an kunna mata fanka take yarda ta yi aiki. Wasa biyar suka yi a jere, babu wanda ya sauke su sai dangi, dangin ma don kunya. Na shida shi ne na akuyar da ta tsinke igiya tana gudu a titi. Ba su da inda za su samo kukan akuya, sai Yaya ya shiga cikin wadrob da waya a hannu, suka rufe shi, ya dinga "meee" har numfashinsa ya sarƙe ya yi tari. Dariya ta hana su yanke tarin, daga baya kuma suka manta. Mutane suka riƙa jefa akuyar rami da gangan don su ji shi. Da haka wasan ya bazu, har suka fara sakin wasannin wasu ƙananan kamfanoni da sunan nasu. Yau ga su a hawa na uku, mutum arba'in, har da na'urar sanyaya ɗaki.

Shekara biyu ke nan da aka yi wa Yaya aiki a maƙogwaro. An ceci ransa, muryar kuwa ta tafi ba dawowa.

Oga ya cire gilashinsa ya murza ido. "Kina tsammanin ni ban damu ba? Ni na riƙe ƙofar wadrob ɗin. To, je ki tambayi mai muryar. Abin da ya ce, shi za a yi. Ki turo min saƙo kafin huɗu."

Ta fita tana taku kamar wadda ta riga ta ci shari'a.

A cikin bas ta tsara yadda za ta ba shi labari. Za ta kwaikwayi fuskar Dogo, ta kwaikwayi sabuwar akuyar, wadda ke kuka tsaf-tsaf kamar ta yi makaranta. Ta san Yaya zai yi irin dariyar nan tasa ta yanzu, ta kafaɗa da ido.

Ta same shi a falo, ƙyalle naɗe a wuyansa, yana kwakkwance wata tsohuwar rediyo. Tun da ya bar ofis babu abin da ya tsira daga sukundirebansa a gidan. Ya nuna mata kujera, ya jawo ƙaramin farin allon da yake magana da shi, ya rubuta: "An kore ki ne?"

"Wa zai kore ni? Ni ce ma na kusa korar su."

Ta zayyana masa komai, har da tsallen kofin. Ya yi dariyar kafaɗar kuwa. Sai ya goge allon da gefen hannu, ya yi rubutu gajere, ya juyo mata da shi.

"A cire."

Auta ta karanta sau biyu. "Yaya, ba ka gane ba ne. Ai Dogo ya sakko. Kai kawai ake jira ka ce a bari."

Ya sake gogewa. Wannan karon ya daɗe yana rubutu.

"Wasa goma sha ɗaya na rubuta da hannuna. Rabin ofis ɗin nan ni na koya musu aiki. Amma in aka nuna ni sai a ce, ga akuyar nan."

"Haba Yaya, so ne fa. Son ka ake yi."

Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Alƙalamin ya fara bushewa, ya girgiza shi.

"Ko a layin asibiti ina zaune sai in ji ni a wayar wani. Ni ba ni da muryar, tana aljihun kowa. Na gaji, Auta."

Auta ta sauke ido daga allon. Tun safe take faɗa a kansa, ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta ko shi yana son faɗan ba. Kunya ta kama ta, ga baƙin ciki, ga kuma wani ɗan haushi da ta rasa a kan wa za ta sauke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta ce, "To, Yaya," shi kuma ya koma kan rediyonsa, yana laluben wata ƙaramar ƙusa da ba ta jin ta ɓace.

Ta miƙe. Ta kai ƙofa ke nan matar Yaya ta leƙo daga kicin ta yafito ta. Ta ja ta ciki, ta tura ƙofa, ta buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe maganarsu.

"Na ji komai," ta ce a hankali. "Yau ne za a canza?"

"Ƙarfe huɗu, Anti."

"Wato tawa wayar ma za ta canza?"

"Da zarar ta hau intanet, da kanta za ta ɗauko sabon."

Matar ta goge hannu a zaninta, ta zaro waya daga bayan gwangwanin sukari. Tsohuwar waya ce, allonta a fashe.

"Shekara goma sha huɗu muna tare, ban taɓa tunanin in ɗauki muryarsa ba. Wa ke ɗaukar muryar mijinsa? Shi kuma kin san shi, ba ya tura saƙon murya, wai lalaci ne. Kukan nan na cikin wasan kaɗai gare ni." Ta yi murmushi, idonta ya cika. "Ban ma iya wasan ba. Ramin farko nake faɗawa."

Auta ta dubi agogon bango. Huɗu saura kwata. Ta karɓi wayar, ta shiga inda ake saita ta, ta kashe sabuntawa, ta duba sau biyu don ta tabbata.

"Wasan ba zai canza ba yanzu. Amma kar ki goge shi, kar ki ba kowa ya yi miki gyara. In wayar nan ta mutu, kira ni kafin ki kai ta ko'ina."

"Kar ki faɗa masa."

"Wa ya aike ni?"

Ta ciro tata wayar ta rubuta wa Oga: "Ya ce a cire." Ta ɗan tsaya da yatsa a sama, sannan ta tura.

Matar Yaya ta buɗe wasan, ta rage sauti har ya kusa ƙarewa, ta ɗaga wayar tsakanin kunnuwansu biyu. Akuyar ta tsinke igiya, ta ruga, ga rami a gabanta. Shekara goma Auta ta yi tana tsallake ramin nan ko ido a rufe, yatsanta ma har ya motsa da kansa. Ta maida hannunta baya ta riƙe.