Ramin Bakin Kwano

Shekara biyu ke nan da tsohon direba ya daina shan taba. Haka ya faɗa wa likita, haka ya rantse wa matarsa, wadda ta kwana tara a gefen gadonsa a asibiti, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha wa'azi a kan illar hayaƙi. Abin da bai faɗa ba shi ne, a bayan gida, inda kwano ya zarce bango, gara ta cinye katakon bakin rufin ta bar rami. Idan ya taka bulo ya miƙa hannu, kwalin sigarinsa da ashana suna nan. Kara ɗaya yake zuƙa duk lokacin da matar ta leƙa maƙwabta, ya bi da ɓawon lemo.

Ranar wata Asabar sai ga babban ɗansa da kafinta, da tsani, da sababbin katakai a mota.

"Baba, bakin rufin nan ya zama abin kunya," in ji ɗan. "Za a sa sabon katako a goshinsa, a rufe ƙasan da sili, duk kewayen gidan."

Sigarin ba ta dami tsoho ba, idon matarsa yake tsoro.

"A bar bayan," ya ce. "Wa ke ganin baya? Kuma akwai tsuntsaye a ciki, har da ƙwai. Alhaki ne."

Matar ta ɗago daga tsintar shinkafa. "Ikon Allah. Kai da ka ƙarar da takalmanka wajen jifan su, yau kai ne ubansu?"

Sau uku yana yunƙurin zagayawa. Na farko ɗan ya riƙo shi, wai kada ƙusa ta soke shi. Na biyu matar ta ajiye masa shayi a gaba ta tsaya sai ya shanye. Na uku maƙwabci ya shigo yaba aiki, ya zauna kamar an dasa shi, har da roƙon tsoho ya yi wa ƙaninsa mashayin taba, da ya zo da shi, nasiha. Ya yi nasihar kuwa, kunnensa na wajen guduma.

Da la'asar tsani ya koma baya. Ya ji an ɓamɓaro ruɓaɓɓen katako, ya ji matar ta zagaya da ruwan sha, ya runtse ido yana jiran a kira shi. Shiru. Can guduma ta ci gaba. Daɗi ya kama shi, ya ce a ransa kafintan nan ɗan halak ne, ya sa kayan a aljihu ya rufa masa asiri.

Ya tare kafintan a bakin famfo yana wanke hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, ba ka tsinci komai a ramin can ba?"

"Na tsinta, Baba. Mama ta ce ajiyarka ce, kada in taɓa, in bar ta inda ka sa ta in rufe. Ƙusa shida na buga a wurin, ita ta ce in ƙara biyu."

Tsoho ya zagaya a hankali. An ɗauke bulon. Sama da kansa farin sili ne sumul, ko allura ba za ta shiga ba. Kunya ta rufe shi, ya tsaya yana kallo kamar mai duba ingancin aiki.

Matar ta zo ta tsaya kusa da shi, ita ma ta ɗaga kai.

"Ya yi kyau, ko?" ta ce. Ta girgiza wani ɗan kwali a hannunta. "Ashanar kaɗai na ce a fito da ita. Shekara biyu ina aron ta in tawa ta ƙare, ka ga ba na iya rabuwa da ita ba."