Kwana Uku a Gonar Baba Jibo

A daminar shekarar 1993 aka naɗa Aƙilu Maharazu kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon kwando ta Masaƙar Tsamiya da ke Kano. Yana gida Karaye yana hutun ƙarshen kakar wasa lokacin da wani direban motar haya ya kawo masa takarda daga koci Isyaku. Layin farko albishir ne: tsohon kyaftin ya ajiye wasa saboda ciwon gwiwa, manyan masaƙa kuma sun amince Aƙilu ya gaje shi. Abin da ya biyo baya kuwa aiki ne.

Aikin shi ne Lukumanu, ɗan Rogo. Duk ƙungiyar babu mai hannun jefa ƙwallo daga nesa kamarsa, babu kuma mai saurin baki kamarsa. A wasansu na ƙarshe a Jos an cinye su da maki ɗaya tak. A hanyar dawowa taya ta yi faci har sau biyu, rana ta ƙwalle, ran kowa a ɓace. Nan ne Lukumanu ya dubi Baba Jibo, direban da ya shekara goma sha ɗaya yana jan motar ƙungiyar, ya kira shi tsohon banza, ya ce jaki ma ya fi shi sauri. Baba Jibo ya kawo su Kano lafiya, ya miƙa makullin mota a ofis, ya ce shi ya gama, ya koma gonarsa a Kafin Dafga. Da maganar ta je kunnen manya sai suka dakatar da Lukumanu. Koci ya rubuta cewa sharaɗi ɗaya ne: in Baba Jibo ya yafe, ya kuma sa a takarda, Lukumanu zai dawo. In ba haka ba, ya nemi wata ƙungiyar.

Washegari Aƙilu ya ari ɗan ƙaramin babur ɗin yayansa, irin wanda ake ce wa roba-roba, ya nufi Rogo. Ya tarar da Lukumanu a ƙofar gidansu yana gasa sabuwar masara, ya sa rigar wasa mai lamba tara kamar za shi fili. Bayan gaisuwa Lukumanu ya taya shi murnar kyaftin, sannan tun ba a tambaye shi ba ya shiga bayani. Ya ce shi ba zai roƙi kowa ba, akwai wata ƙungiya a Legas da ke nemansa, kuma a can sun san darajar ɗan wasa.

Aƙilu ya bar shi ya gama. Sai da ya cinye masara biyu, ya jefar da totuwa, sannan ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Amma a Legas ɗin ma direba za ka tarar."

Lukumanu ya so ya haɗe fuska, dariya ta ƙwace masa. Daga nan ya sauko. Ya ce gaskiyar magana tun ranar abin yake cin sa a rai, kunya ce ta hana shi motsi, bai san da wane ido zai dubi tsohon ba. Aƙilu ya ce ya shiga ya sake riga, da idon da yake da shi za su je.

Duk wanda ya gan su a hanya ranar ya samu abin ba da labari. Dogaye biyu a kan roba-roba, gwiwoyin Aƙilu suna taɓa kan babur, ƙafafun Lukumanu suna share ƙasa. A wani kwari ruwa ya cinye hanya, suka sauka suka ɗaga babur ɗin a kafaɗa suka haye. Wani manomi da ke gefe ya ce musu ai da ma haka ya kamata tun farko, su ne ya dace su ɗauke shi.

Sun iske Baba Jibo a gonar dawa yana maimai shi kaɗai. Ya miƙe, ya share gumi, ya amsa gaisuwarsu da sakin fuska. Ya tambayi gajiyar hanya, da mutanen Karaye, da na Rogo, da yadda ruwa ya yi a can. Lukumanu ya durƙusa a tsakanin kunya biyu ya ba da haƙuri, maganar tana fita da sauri kamar mai biya hadda. Baba Jibo ya ce ya ji. Sai dai, in ji shi, ga hadari yana haɗuwa, ciyawa kuma ba ta jiran a gama zance. Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Lukumanu ya dubi Aƙilu. Aƙilu ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗauko ɗaya daga cikin fartanyun da ke jingine a gindin ɗorawa. Lukumanu ma ya ɗauki ɗayar.

Shi Aƙilu da noma ya tashi, jikinsa bai manta ba. Lukumanu kuwa ɗan magatakarda ne, tun da aka haife shi bai taɓa riƙe fartanya ba. Kafin ya kai ƙarshen kunyar farko ya sare dawa bakwai tare da ciyawa. Baba Jibo ya zo ya gyara masa riƙo, ya nuna masa yadda ake karkata baki, bai ɗaga murya ba. Da azahar Tasalla, matar Baba Jibo, ta kawo fura a ƙwarya. Ta tsaya tana kallon Lukumanu yana ƙoƙarin miƙewa, hannu ɗaya a ƙugu, ta ce ita dai yau ta ga giginya ta sunkuya. Ta ƙara masa nono a furarsa.

A zauren gidan aka sauke su. Tabarmar ba ta kai tsawonsu ba, zauren ma da ƙyar, har da safe kaji suka zo suna tsattsagar yatsun ƙafar Lukumanu a bakin ƙofa. A rana ta biyu hannunsa ya yi bororo, Tasalla ta shafa masa man kaɗe ta ɗaure da tsumma. Ya ce wa Aƙilu a ɓoye hannun nan fa shi ne jarinsa. Aƙilu ya nuna masa nasa tafin, ya ce shi ma ba aro ya yi ba. Da yamma ruwa ya sauko suna tsakiyar gona, su uku suka ruga gindin ɗorawa, kuma Baba Jibo ne ya riga su isa. Lukumanu ya ce lallai ya janye maganar jaki. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da la'asar ɗin rana ta uku aka gama gonar. Suka zauna a inuwa, Aƙilu ya gyara murya ya kawo zancen takardar da koci yake so, yana jin cewa shi ne mai sasanta mutum biyu.

Baba Jibo ya ce, "Wannan yaron tun kafin mu shigo Zariya na yafe masa. Zafin wasa ne, na san shi. Ba don shi na ajiye makulli ba." Ya juya ya dubi Aƙilu. "Ku goma sha biyu ne a motar nan. Kai kana bayana, ina jin numfashinka. Babu wanda ya ce masa kul. Shi ne abin da na kasa haɗiyewa."

Aƙilu ya tuna sarai: ya ji zagin, ya juya fuska wajen taga, ya ce a ransa ba ruwansa, ai akwai kyaftin a motar. Bai kawo wannan uzurin ba. Ya sauko daga kan saiwar da yake zaune, ya durƙusa, ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Na ji, na yi shiru. Ka yafe mini."

Baba Jibo ya ce ya tashi, komai ya wuce. Lukumanu kuwa sai murmushi yake yi, ya ce ashe ba shi kaɗai ya ci bashin noman ba, da ya sani da ya bar wa kyaftin kunyoyin da suka fi ciyawa.

Aƙilu ya roƙi tsohon ya dawo bakin aiki. Ya yi alkawarin cewa daga yanzu in taya ta yi faci, 'yan wasa ne za su sauka su canza, shi Baba ya zauna a inuwa ya nuna musu. Baba Jibo ya ce zai yi shawara da Tasalla. Da suka isa gida ya faɗa mata, ita kuwa ta ce ya koma, tun da ya dawo ba shi da hira sai ta ƙwallo, ta gaji da jin maki. Baba Jibo ya shiga ɗaki ya ɗauko tawada da alƙalami, ya yi rubutu a fallen takarda, ya naɗe ya ba Aƙilu.

Ranar Litinin suka kai takardar ofishin masaƙa. Sakataren ƙungiya, wani mutumin Ilori, ya buɗe ta, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sannan ya miƙa wa koci Isyaku, don da ajami aka rubuta. Koci ya ce tabaransa yana gida, kyaftin ya karanta kowa ya ji. Aƙilu ya karanta: bayan sallama da gaisuwa, shi Jibo direba ya yafe wa Lukumanu duniya da lahira, zai kuma dawo aiki da zarar ya cire gyaɗarsa. Yana roƙon manya don Allah su mayar da yaron nan wasa da gaggawa, domin ya gwada shi a gona, in aka bar shi da noma yunwa za ta kashe shi.

Sakatare ya yi dariya har ya cire hula. A ranar aka ɗage dakatarwar. Sati biyu Lukumanu yana atisaye da tsumma a hannu, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce horo na musamman ya je yi a ƙauye. A kakar wasan da ta biyo baya ƙungiyar ta zo ta uku a gasa, matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba. Da kaka ta yi, Baba Jibo ya aiko wa kowannensu damin dawa guda.