Ranar da Maigidana Ya Ɗauki Ciki

Cikina na wata bakwai asibitin da nake awo ya fito da sabon salo. Duk mijin da ya rako matarsa, sai Sista ta ja shi wani ɗan ɗaki, ta ɗaura masa riga mai nauyi a gaba, ta ƙwama masa wani ƙaton tabarau mai rufe ido ruf. A ciki zai ga kansa ya zama mace mai juna biyu: ya duba ƙasa bai ga ƙafarsa ba, ya hau bene yana haki, ya sunkuya ɗaukar tsintsiya baya ya riƙe. Wai don maza su san abin da muke sha.

Ni da kaina na zuga maigidana ya shiga. Mai gyaran firji ne, kowa Injiniya yake ce masa, kuma ba ya ganin na'ura ya wuce. Na leƙa ta taga na gan shi yana tafiya a tattale, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya yana laluben bango. Na yi dariya har sai da wata mata ta ba ni kujera.

Ya fito sharkaf da gumi, ido ja, ya kama hannuna a gaban mutane yana neman gafara. Kunya kamar in nutse, amma raina fes. Makon nan na ci duniyata da tsinke. Shara shi, wanke-wanke shi, har takalmi yake sa mini.

Daga nan abin ya wuce gona da iri. A da kullum da safe yakan tambaye ni jikina, ya tsaya ya ji amsa. Yanzu ko numfashi na ja sai ya ce ya sani, bayan ne, shi ma ya ji irinsa. Bayana kuwa lafiyarsa lau. Ya tara mini matasan kai har ba wurin juyi. Ya koma ba matan masu kawo gyara shawarar yadda ake kwanciya ta gefen hagu, su kuma suna guntse dariya. Ƙarshe ya kwance kan keken ɗinkina ya ɗora bisa kabad, don matar cikin tabarau ta wahala da zama.

Nan ne ya taɓo ni. Ni tela ce, kuma wannan haihuwar fari ce. Tsoronta nake ji, tsoro na gaske, kuma ba abin da yake kore mini shi sai ƙarar keken nan. Ina so in gaya masa, to ta ina zan fara da mutumin da ya riga ya san komai?

Da na koma awo na kai wa Sista ƙara. Ta yi dariya har tana dukan tebur, ta ce ba ni ce ta farko ba, wata ma an hana ta hawa benen gidanta. Sannan ta natsu ta ce abin yana damunta. Masu haɗa tabarau cikin mace ɗaya suka ɗauka, alhali kowace da irin nata. Jefar da shi kuma ba za ta iya ba, tunda mazan da ba su san inda tsintsiya take ba yau suna shara. Ta ce daga yanzu duk wanda ta cire wa, za ta ce masa ya je ya tambayi tasa matar. Nawa kuwa ni zan gyara abina.

Na same shi da yamma a tsakar gida, ya kwantar da wani firji yana zare waya. Yana ganina ya taso da gudu da kujera, ya fara bayanin baya.

“Injiniya,” na ce, “in aka kawo maka firji, kana sa hannu kafin ka tambayi mai shi me yake yi?”

Ya ce haba, ai sai ya ɓata wa mutane kaya.

“To ni tun ranar nan ba ka tambaye ni ba. Bayana ba ya ciwo. Turarenka ne yake tayar mini da zuciya. Kuma tsoro nake ji, ka ɗauke mini abin da yake sa in manta.”

Ya tsaya da sukudireba a hannu, ya shinshina rigarsa, ya dube ni. Ya buɗe baki, na ga “na sani” tana tahowa, sai ya haɗiye ta. Ya ce a tabarau babu wari, babu tsoro ma. Na ce ai shi da ya gaji cirewa aka yi.

Ya je ya sauya riga, ya sauko da kan keken ya ɗaura, ya zuba masa mai. Na zauna na taka, ƙarar ta cika ɗakin, na ji ƙirjina ya saki. Ashe ba ni kaɗai na yi kewarta ba, don nan take ɗan cikin ya kai mini wani shuri da sai da rigata ta motsa. Na jawo hannun Injiniya na ɗora a wurin. Aka sake shurinsa.

Ya durƙusa a gefen keken, yana dariya ido cike da ƙwalla.

“Da zafi?” ya ce.

Ya tsaya yana jiran amsa. Na ɗauke ƙafata daga kan keken, na ce ya jawo kujera, maganar da yawa.